WhatsApp ko Google Drive: Ina Ya Dace a Ajiye Jerin Littattafan Kwas?

Malamai da wakilan aji a harabobin Samaru da Kongo na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun sha tambayata inda ya fi dacewa a ajiye jerin littattafai da maƙalun da ɗalibai za su karanta a zango: zauren WhatsApp na aji, ko kuwa Google Drive, wato ma'ajiyar fayiloli ta Google a intanet.

Ta fuskar kuɗi duka biyun kyauta ne, ban da datar da kowa zai saya, kuma Google na ba kowane asusu wurin ajiya na gigabait 15. Wajen sauƙi WhatsApp ne a gaba, tunda kusan kowane ɗalibi yana da shi a wayarsa.

Matsalarsa takan bayyana ne idan jarrabawa ta matso. Maƙalar da malam ya tura a makon farko ta riga ta nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗage lacca, wanda wayarsa ta ɓata kuma sai ya bi abokai yana roƙon a sake turo masa. A Drive ana ware wa kowane mako gurbinsa, a gyara jerin a wuri ɗaya, har 'yan aji na baɗi su amfana. Haɗarinsa yana wajen izini, domin idan aka bar wa kowa damar gyara, wani na iya goge fayil. Ɗora littafi sukutum ba da yardar mawallafi ba kuwa keta haƙƙi ne a ko'ina. Gara a rubuta lambar da ake neman littafin da ita a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, babban ɗakin karatun jami'ar.

Ƙaramin ajin masu digiri na biyu, WhatsApp ya ishe su. Malamin da ke koyar da ɗaruruwan ɗalibai kwas ɗaya kowace shekara, Drive ya fi dacewa da shi.