Bawul ɗin rage gudun ruwa na injin esfireso: na ECM ko na Lelit?

Masu injin esfireso (injin haɗa gahawa da matsin ruwa) a gida irin mai kan E61 (kan shi ne inda ruwa ke fitowa ya sauka a garin gahawa), in kuna shawarar sayen ɗan bawul ɗin nan da ake ɗaurawa a sama don rage gudun ruwa, ga abinda na gani. Na kamfanin ECM ne a kan injina, na kamfanin Lelit kuma na sha taɓa shi a gidan wani abokina. Abun yana aiki kam, amma ba kowa yake buƙatarsa ba, kuma sai ka iya maimaita abinda ka yi jiya kafin ka ce ka ci moriyar kuɗinka.

Shi kan E61 tsohon zane ne, kamfanin Faema na Italiya ya fito da shi tun 1961, a cikinsa akwai wani ɗan rami da bai kai milimita ɗaya ba wanda ruwa ke bi, gudunsa ɗaya ne kullum. Sai ka kwance babban notin da ke sama ka sa wannan mai allura a ciki, kana murɗawa allurar na toshe ramin ko tana buɗe shi. Shi ke nan fa. Bai taɓa famfon da ke tura ruwa a cikin injin ba. Mutane da yawa sun ɗauka matsi yake saitawa, alhali garin gahawar ne ke tare ruwa har matsin ya hau, in niƙan ya yi laushi sosai ko ka rage ruwan zai kai bar 9 ɗinsa (da bar ake auna matsi), a hankali dai. Shi ya sa gejin auna matsi da ke zuwa tare da bawul ɗin ni a wajena ya kai rabin kuɗin, don kana kallon matsin da ke kan garin ne kai tsaye.

Inda ya burge ni shi ne gahawar Habasha da ta Kenya wadda aka soya sama-sama. Da can tsami ne kawai ke fitowa, in na ƙara laushin niƙa kuma injin ya shaƙe. Yanzu giram 18 nake sawa, in rufe bawul ɗin saura kaɗan, gejin ya tsaya wajen bar 2 zuwa 3 garin ya jiƙu, ina leƙen ƙasan kwandon da garin ke ciki har ɗigo ya fara tsatsowa ta ko'ina, sannan in buɗe, in an kusa gamawa in riƙa ragewa kaɗan kaɗan har in samu giram 40 ko kusa da haka a kofi. Wallahi tsamin nan sai ya koma wani zaƙi-zaƙi, ba bauri. Amma in baƙar suya kake sha kuma kana zuba madara, riƙe kuɗinka, da ƙyar za ka ji bambanci.

Na ECM ɗan abin murɗawa ne kamar kan famfon wanka, kuma kusan shi ne dai na kamfanin Profitec, suna ne ya bambanta. Yana zagayawa fiye da sau ɗaya kafin ya buɗe duka, don haka kana da fili, ka matsa kaɗan ruwan ya canza kaɗan. Sai dai da ido ba za ka gane zagaye na nawa kake ba, in madam ta zo goge injin ta taɓa shi, ko yaro ya murɗa, da safe sai ka ga kofin ya fito wani iri kana ta zargin gahawa. Dabarar da nake yi, kullum in rufe shi ruf in ƙirgo daga nan. Ka kuma ɗora kofi a sikeli ba gari a injin, ka saki ruwa na sakan 10 a kowane matsayi ka rubuta, ta haka za ka san inda gudun asali yake, ranar da ba ka da lokacin wasa sai ka bar shi a wajen.

Na Lelit mariƙin katako ne, irin wanda ya zo a kan injinsu Bianca a 2018, ana sayar da shi daban. Tafiyarsa ba ta wuce kamar rabin zagaye ba, da ka kalla ka san inda kake, hannu kuma yana saurin haddacewa. Amma taɓawa kaɗan tana canza abu da yawa, farkon kamawa sai ka ga allurar gejin tana tsalle. In kai mai son juya abu ne ana tsakiyar zuba, wannan ya fi daɗin hannu nesa ba kusa ba, kuma da yau zan saya shi zan ɗauka. Mai son saitawa ya bari, na ECM ya ishe shi.

Akwai abubuwan da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Gejin yana shiga ne ramin gaban kan, wato daidai inda masu injin HX (mai dumama ruwan gahawa ta bututun da ya ratsa tukunyar tururi) ke ɗaura ma'aunin zafi, to sai dai ka zaɓi ɗaya ko ka nemi mahaɗi mai baki biyu. Akwai kuma sifirin mai tauri da ke zuwa a kwalin na ECM, in ka sa shi ka kashe jiƙa garin a hankali da E61 ke yi da kansa a farkon zuba, komai ya dawo hannunka. Ni na sa, don ba na son abu biyu suna ja min ruwa lokaci ɗaya. Masu injin Gaggia Classic ko Breville kuma kar ku wahalar da kanku, ba E61 ba ne, ba zai hau ba.

Ɗaurawa ba wuya, cire wuta, bari ya huce sarai, naɗa salatif a bakin sufana don kar ka karce ƙyallin ƙarfen. Zoben robar da ke jikin allurar yana son giris irin wanda ba ya cutarwa a abinci lokaci lokaci, in ba haka ba ya yi tauri, in kuma ruwanku mai gartsi ne farin gishirin nan zai taru a ɗan ramin, gara ka riƙa tace ruwan. Na ga masu araha marasa suna a intanet, wani da na sani ya saya, ko ya rufe ruf ruwa na zuba. Ga canjin dala ga kuɗin kawowa, in injin niƙanka ba ya iya laushi sosai to shi za ka fara canzawa, don jiƙawar nan da niƙa mai laushi take tafiya.