Wace manhaja ce ta fi iya fitar da guntayen bidiyo, kowanne a fayil ɗinsa?

Duk mai ɗaukar bidiyon biki ya san wannan aikin. An yi kamu, an yi dina, an kai amarya, sai kowa ya zo neman nasa. Uwar amarya na son wurin da ta taka rawa, abokan ango na son shigowarsu, mai kwalliya kuma na son inda aka hasko fuskar amarya don ta ɗora a Instagram. Haka abin yake ga masu yanka karatun tafsiri a watan azumi don turawa a WhatsApp, da masu tallan fim da ke son guntaye ashirin ko talatin daga shiri guda. Idan manhajarka ba ta iya fitar da su a tashi ɗaya, sai ka kwana kana sa alamar farko, kana sa ta ƙarshe, kana fitarwa, kana jira, kana komawa.

Ni dai DaVinci Resolve nake ba mutane shawara, kuma ba na ɓoye hakan. Kamfanin Blackmagic Design na ƙasar Ostireliya ne ke da ita tun 2009 da ya sayi kamfanin da ya ƙirƙiro ta. Asalinta manhajar gyaran kalar fim ce, kuma wannan asalin ne ya sa ta gwanance a aikin da muke magana a kai, domin masu gyaran kala sun saba karɓar fim su gyara kowane yanki, su mayar wa mai editin guntu-guntu. Saboda haka a shafin da ake kira Deliver akwai zaɓi biyu a fili: Single clip, wanda zai haɗa komai fayil guda, da Individual clips, wanda zai mayar da kowane guntu da ke kan layin aikinka fayil mai zaman kansa. Ka yanka bidiyonka, ka zubar da abin da ba ka so, ka zaɓi na biyun, ka tura layin jira, wato jerin ayyukan da za a fitar, ka danna Render All, ka tafi masallaci. Kafin ka dawo ta yi nisa.

Abin da ya fi saye zuciyata ma sunayen fayil ne. Na taɓa aiki da wata manhaja da ke ba guntaye suna iri ɗaya, na baya ya hau kan na gaba ya shafe shi ba ko sallama, sai da mai biki ya zo karɓa aka ga rabin aikin babu. Tun daga nan abin da nake fara dubawa ke nan a kowace manhaja. A Resolve za ka iya cewa ta yi amfani da sunan asalin fayil ɗin kyamara, ko ka rubuta naka, sannan ka kunna Use unique filenames don kada biyu su yi karo. Idan ka buga alamar % a gurbin suna, jerin bayanai zai sauko ka zaɓi wanda kake so ya shiga sunan kowane guntu. Akwai kuma wurin ƙara 'yan firam, wato hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo, gaba da bayan kowane yanki, wanda ke da amfani in wani ne zai ci gaba da aikin. Layin jiran ma yana ajiye ne tare da aikin, don haka idan wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu, fayilolin da suka riga suka fita suna nan, ba daga farko za ka soma ba.

Sai dai a san wani abu kafin a yi murna. Individual clips kowane guntu take ɗauka shi kaɗai. Rubutun da ka ɗora a layin sama da kiɗan da ka shimfiɗa a ƙasa ba za su bi shi yadda kake gani a allo ba. In kana son kowane guntu ya fita da tambarin shagonka da sautinsa da aka gyara, to ko dai ka dunƙule su su zama Compound clip, ko ka riƙa sa alamar shiga da fita kana tura kowanne layin jira ɗaya bayan ɗaya, sannan ka danna Render All su fita gaba ɗaya. Ya ɗan fi cin lokaci, amma jiran sau ɗaya ne.

Kuɗinta fa? Akwai ta kyauta, wadda ke fitar da bidiyo har girman 3840 da 2160 ba tare da ta manna maka tambarinta a aiki na yau da kullum ba. Babbar, Studio, dala 295 ce, biya ɗaya ba na wata-wata ba. Mai biki da mai tafsiri ba sa buƙatar ta. Inda take cizo shi ne kwamfuta: kamfanin da kansa ram, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, gig 16 yake nema a Windows, kuma tana son katin girafik mai ƙarfi, wato sashen da ke sarrafa hoto. Tsohuwar laftof mai gig 4 ba za ta ja ta ba, kada ma ka ɓata datarka wajen sauke ta. Bidiyon waya kuma wani lokaci sauti da hoto kan saɓa, saboda waya ba ta tsayawa kan adadin firam guda. Maganinsa ka fara bi da shi ta HandBrake, ita ma kyauta ce, ka tsayar da adadin.

Premiere Pro na iya aikin, amma ta doguwar hanya: ka mayar da kowane yanki ƙaramin aiki na daban, ka zaɓe su duka, ka tura wa wata manhajar, Media Encoder. Ga shi tun 2013 Adobe, kamfanin da ke da ita, ta daina sayar da sababbin fitowarta, haya take bayarwa da dala, kuma kowa ya san yadda dala take yi da naira. Final Cut Pro kusan dala 300 ce a kwamfutar Mac, kuma ba ta aiki a Windows. Vegas Pro na da Batch Render da ke fitar da yankunan da ka shata, tsofaffin hannu na son ta. Filmora ta kyauta tambari take shimfiɗa maka a kan bidiyo. CapCut ta fi dacewa da waya da guntu ɗaya na TikTok, a bar ta a nan.

Guda ɗaya ce nake ɗaga wa hula bayan Resolve, wato LosslessCut. Ƙarama ce, kyauta, kuma tsohuwar kwamfuta ma na ɗaukar ta. Ba ta sake dafa bidiyo, yanka kawai take yi ta kwafe, don haka karatun awa biyu za ta raba shi fayil ashirin cikin ɗan lokaci, ingancin hoto bai ragu ba. Aibinta ba ta yanka daidai kan firam ɗin da ka nuna, takan fara daga ɗan baya kaɗan, kuma ba ta sa rubutu ko gyara kala. Mai yanka wa'azi kawai, ita ta ishe shi.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Kada ka ba kowa ko sisi don ya sa maka Resolve ta kyauta, domin a shafin blackmagicdesign.com take, fom kawai za ka cike. Masu sayar da "Studio cikakkiya" a filash kan 'yan dubbai, fasasshiya suke ba ka, kuma sau da yawa ba ita kaɗai ke shiga kwamfutar ba. Irin waɗannan fayilolin ne ke ɗauke da ɓarayin manhajoji masu kwashe kalmomin sirri daga burauza, ka wayi gari an ƙwace maka shafin Facebook ko tashar YouTube da ka sha wuya kafin ta tara mutane. Wanda ya ce sai ka kashe rigakafin kwamfutarka kafin ya sa maka manhaja, ya riga ya gaya maka abin da ke ciki. Studio ta gaskiya da lambar kunnawa take zuwa ko da ɗan makulli mai kama da filash, lambar kuma kwamfuta biyu take yi wa aiki. To wanda ke sayar wa mutum goma lamba guda, wa zai rage da ita? Haka nan an sha samun shafukan bogi masu kwaikwayon na CapCut da sauran manhajoji, har su sayi talla su hau saman sakamakon bincike. Ka rubuta adireshin da hannunka, kada ka danna na farkon da ka gani.

Cutar ba a manhaja ta tsaya ba. Masu sayar da laftof ɗin gwanjo wasu sukan ce "tana da girafik", alhali ɗan na cikin firosesa ne kawai. Ka buɗe Task Manager a gabansa ka ga sunan katin da yawan ram da idonka, in da hali ma ka sa bidiyo ka gwada fitarwa kafin ka ƙirga kuɗi.

Mafi ciwo kuma filash da memori na jabu, don su ne ke cinye irin wannan aikin namu. Za ka ga an rubuta gig 128, kwamfuta ma ta nuna hakan, amma ainihin cikinsa bai wuce 8 ba. Guntaye arba'in za su shiga da sunayensu lafiya lau, sai mai biki ya je gida ya tarar na farko-farko ne kawai ke buɗewa, sauran gawa. Kai za a zaga, ba mai shagon ba. Akwai wata 'yar manhaja kyauta, H2testw, da ke cika filash da bayanai ta karanto su ta gaya maka gaskiyar girmansa. Ka gwada kowane sabo kafin ka zuba aikin mutane. Idan kuma filash mai kyau ya ƙi karɓar fayil da ya haura gig 4 alhali akwai wuri, wannan ba jabu ba ne, tsarin FAT32 ne a kansa. Ka kwashe abin da ke ciki, ka goge shi ka mayar exFAT.