Otofaji da Bairos: A Zuga Ko A Toshe?

Otofaji hanya ce da ƙwayar halitta ke naɗe shararta a jaka, lisosom, wato sashen da ke narkar da abubuwa a cikin ƙwayar, ya narkar. Bairos, wato ƙwayar cuta, ma yakan faɗa ciki.

Masu son a zuga aikin suna da hujja: bairos ɗin hafis, mai jawo ƙuraje a leɓe ko al'aura, yana ƙera furotin ICP34.5, ya riƙe Beclin 1, furotin ɗin da ke tayar da otofaji, aikin ya tsaya cik. Da otofaji ba ya cutar da bairos ɗin, da bai yi wannan wahalar ba. Sai dai rapamaisin, maganin da ke zugawar, yana raunana garkuwar jiki.

Toshewa kuwa? Bairos ɗin shan-inna a jikin irin waɗannan jakunkuna yake hayayyafa. Amma haidroksiklorokwin, maganin da ke hana narkarwar, bai rage mace-macen korona ba a babban gwajin magunguna mai suna RECOVERY na 2020.

Ni na fi karkata ga zugawa, muddin an tantance bairos ɗin tukuna.