Hayar sashen gida da aka sabunta a tsohon garin Sakkwato

Gidan da nake haya yana cikin tsohon gari, a shiyar da dukawa da maɗinka suka fi yawa, ba nisa da Maƙera Assada. Gidan gado ne wanda magada suka gyara suka raba shi sassa domin 'yan haya, kuma sashen da na karɓa ciki biyu ne da falo, da kicin da banɗaki a ciki. Na biya kuɗin shekara gaba ɗaya kamar yadda aka saba, dillali kuma ya karɓi la'adarsa ta kashi 10 cikin 100.

Abin da ya fi burge ni a gyaran shi ne abin da masu gidan suka ƙi taɓawa. Sun shimfiɗa tayil, sun sauya wayoyin lantarki, sun sa mita mai kati ga kowane sashe, wanda hakan ya kawar da rigimar raba kuɗin wuta tsakanin maƙwabta, amma sun bar tsohuwar katangar ƙasa mai kauri da rufin azara a falo da ɗaki ɗaya, suka yi musu yaɓe kawai. Duk wanda ya san bazarar Sakkwato, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, zai fahimci darajar wannan shawara. Da azahar, ko babu wuta, mutum yana iya kishingiɗa a falon nan ya yi barci, domin bangon ba ya barin zafin rana ya ratso sai can bayan magariba. Ɗaki na biyu kuwa, wanda aka ƙara da bulo da kwano, duk da silin mai kyau da aka yi masa, ba ya kwantuwa a bazara sai da fanka, kuma a ganina da sun ɗaga rufinsa sun ƙara taga ɗaya ta ɓangaren arewa, da sun gama aiki.

Unguwar kanta tana cikin abin da mutum yake biya. Da hantsi dukawa sukan baje a zaurukansu suna yankan fatar jar akuya, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, suna ɗinka alabe da kube da takalma. Irin wannan fata ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har ta yi suna a Turai a matsayin fatar Maroko. Na ga wani dattijo yana saƙa siraran zaren fata a gefen jaka da basilla, bai ko ɗaga kai ba yana amsa gaisuwar masu wucewa. Hubbaren Shehu da Fadar Sarkin Musulmi ma ba su da nisa, ɗan kabu-kabu zai kai mutum nan da nan.

Sai dai akwai abubuwan da ya wajaba mai neman haya ya sani kafin ya biya. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, tankin da aka ɗora kuma ya yi wa sassa huɗu kaɗan, saboda haka kuɗin 'yan ga-ruwa yana cikin lissafin wata. Lungun ba ya ɗaukar mota, kuma da damina magudanar ƙofar gida takan cika ta malalo. Ƙarar guduma da kekunan ɗinki tana farawa da sassafe, abin da ni ba ya damuna, amma mai aikin dare zai sha wahala.

Ga ma'aikaci ko sabon ango mai babur, wanda yake son zama cikin jama'a, ina ganin sashen ya ci kuɗinsa. Shawarata ita ce ya je duba gidan da tsakar rana, ya shiga kowane ɗaki ya tsaya, sannan ya sa a rubuta a yarjejeniya wanda gyaran tanki da magudana ya rataya a wuyansa.