Madubin 3-9x40 a kan bindigar iska: yadda na same shi

Tun kakar bara nake aiki da wannan madubin auna hari a kan bindigar iska mai sifirin, irin wadda ake karyawa a saka dalma, mai bakin milimita 5.5. Aikinta a wurina ɗaya ne, gafiya da kurege da suka addabi rumbu da ɗan lambuna a bayan garin Daura. Madubin ba shi da wani suna da aka sani, a Kano aka sayo mini; 3-9x40 ɗin na nufin yana ƙara girman abu daga ninki 3 zuwa 9, gilashin gabansa kuma faɗinsa milimita 40 ne. Abin da ya sa na zaɓe shi, an rubuta a kwalinsa cewa na bindigar iska ne, kuma wannan ba ƙaramin zance ba ne. Bindiga mai sifirin girgiza biyu take yi, ta yi baya sannan ta fizgo gaba, kuma fizgar gaban nan ce ke kwance gilasan madubin da aka yi domin bindigar albarushi, ko da mai tsada ne. Wannan dai ya jure, har yanzu babu abin da ke kaɗawa a cikinsa.

Gilashinsa garau yake da safe da la'asar. Dab da magariba, idan aka murɗa shi zuwa 9 sai hoton ya dusashe, gara a tsaya a 4 ko 5. Akwai zobe a gabansa da ake juyawa gwargwadon nisa, yana saukowa har mita 10, kuma shi ne ya fi burge ni. Yawancin madubin manyan bindigogi an daidaita su ne a yadi 100, shi ya sa in ka duba abu na kusa, da ka ɗan gusa kai sai layukan auna da ke cikin madubin su gusa daga kan abin da ka auna.

Wajen saiti ne mutane ke zagin madubi ba da laifinsa ba. Dalma tun da ta bar bakin bindiga take faɗuwa, madubi bai hana ta. Tawa mai nauyin kusan giram ɗaya tana fita da gudun da bai wuce mita 200 a daƙiƙa ba. Kafin ta kai mita 25 ta sauka kamar santimita 8, a mita 50 kuwa saukar ta doshi santimita 40. Nisa ya ninka sau biyu, faɗuwa ta ninka sau huɗu har da ɗoriya, domin iska na rage mata gudu a hanya. Ga shi kuma madubin yana zaune kamar santimita 4 a saman bututun. Saboda haka saiti ɗan ɗaga bakin bindiga ne, dalmar ta hau ta ratsa layin ido, ta yi baka, ta sake ratsa shi tana gangarowa. Ni na yi nawa a mita 30. Da haka dalma na faɗa wa tsakiya a wajen mita 10 da kuma 30, a mita 20 tana sama da kusan santimita 2, a mita 40 ta yi ƙasa da faɗin yatsu uku, a 50 kuwa ta haura rabin taƙi. Gafiyar da ke gindin rumbu, taku biyar daga gare ka, sai ka auna sama kaɗan, abin da mutane da dama ba sa yarda da shi sai sun gani a kwali.

Maɓallan saitin kowane ƙas ɗaya milimita 7 ne a mita 100, wato milimita 2 kacal a mita 30. Idan dalmarka ta kauce da santimita 2, ƙas tara ko goma za ka murɗa, ba biyu ba. Ka jingina kwali da bangon ƙasa mai kauri inda ba mutum ba dabba a baya, ka ɗora bindigar a kan buhun yashi da tafin hannu a ƙarƙashinta, riƙo sakwa-sakwa, ka harba biyar, sannan ka gyara daga tsakiyar inda suka taru. Kada a yi wannan ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, tana tura dalma gefe sosai.

Wani dattijo maharbi maƙwabcin gonata, wanda ya tsufa da bindigar toka, ya leƙa ciki ya daɗe, ya ce, "Yaro, wannan ai ido ya ƙara maka, hannun fa?" Na ce, "Baba, ku ne za ku koya mana wannan."

Aibinsa biyu. Ƙafafun da ya zo da su, waɗanda ke riƙe shi a kan bindiga, ba su da 'yar ƙusar da ke shiga ramin saman bindiga, sai madubin ya riƙa silalewa baya a hankali, saiti ya lalace. Dole na sayi wasu masu ƙusar. Murfin gilashinsa kuma roba ce marar kirki, ƙurar hazo ɗaya ta shige ta, yanzu a tsohuwar safa nake sa shi.

Zan ce a saya, amma a haɗa da ƙafafu masu kyau tun farko. A kuma tuna dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda, kuma a halin tsaron da jihar Katsina ke ciki, bindiga mai madubi daga nesa ba wanda zai ce ta iska ce. Tawa a cikin jaka take zuwa gona, takardarta na aljihu.