Dandalin Laka na Samaru: Abin da Mai Zuwa Kallon Wasan Daɓe Zai Tarar

Wanda yake son kallon wasan daɓe a Arewa, ɗan wasa a tsaye gabansa yana zufa ba a allon waya ba, wuraren da zai nufa ba su da yawa. Wanda ya fi cancantar tattaki a ganina shi ne dandalin laka da ke cikin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, wanda ɗalibai suka fi sani da Drama Village. Ginin ya fi hidimar da ke kewaye da shi inganci nesa ba kusa ba. Wanda ya san lokacin zuwa da inda zai zauna zai sha kallon da babu zauren otal ɗin da zai ba shi irinsa. Wanda ya taho haka kawai kuwa yana iya tarar da ba a wasa, ko hadari ya tashe shi a tsakiyar labari.

An kafa jami'ar a 1962, amma sai a 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin Sashen Turanci, bisa jagorancin Michael Etherton, wanda ya riga ya yi aiki da dandalin Chikwakwa marar rufi a Jami'ar Zambiya. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine da ke koyarwa a Zariya a lokacin, Steven Ehrlich, shi ya zana wurin a tsakiyar shekarun 1970. Bai kwaikwayi zauren Turai mai labule da dakali a gaba ba. Tsarin gidan Bahaushe ya ɗauko: ɗakuna masu da'ira na laka, katanga ta haɗa su, tsakar gida a buɗe a tsakiya. A wannan tsakar gidan ake wasa. Ɗakunan da lungunan da ke tsakaninsu su ne mashigar 'yan wasa da maɓoyarsu, wani lokaci ma a cikinsu ake yin wata fitowar. Saboda haka darakta yana da zaɓi: ya zaunar da 'yan kallo su kewaye filin gaba ɗaya, ko ta ɓangare uku, ko ya tara su gefe guda.

Babbar ribar ginin murya ce. A fili fetal, duk lokacin da tazara ta ninka, sauti yana raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma babu abin da zai dawo da shi. Katanga ce ke gyara wannan. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, kuma amsa-kuwwar da ta dawo kunne kafin kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba ta rikita magana, ƙara mata ƙarfi take yi. Wato muddin hanyar da sautin ya bi ta jikin katanga ba ta fi ta kai-tsaye da mita 17 ba, katangar taimakon ɗan wasa take yi. A ƙaramin fili mai kewaye irin wannan, sharaɗin ya cika. Ga shi babu rufin kwano a sama da zai riƙe sauti yana juyi, abin da ke sa magana ta cakuɗe a yawancin zaurukan taro na siminti da tayil. Laka mai kauri kuma tana tare hayaniyar waje fiye da bulo mai rami. Sakamakon haka ɗan wasan da aka horar ba ya bukatar makirufo a nan. Idan ka ga an jera manyan lasifika don wasan magana zalla, ka san darakta bai yarda da muryoyin yaransa ba, kuma galibi abin yakan lalace: murya ta fito daga akwati a kusurwa alhali mai maganar yana tsakiyar fili, kunne da ido su rabu.

Kusanci shi ne riba ta biyu. Bayan kimanin mita 20 ido ba ya iya karanta fuskar mutum sosai, sai motsin jiki. A nan ana ganin ɗaga gira da rawar leɓe. Wannan yana da daɗi idan ɗan wasa gwani ne, yana kuma tona asirin rago: gemun auduga da aka manna da gam, agogon zamani a hannun sarkin da aka ce na ƙarni na 19 ne, ɗan rakiya da ke tsaye yana jiran layinsa ba ya sauraron abokin wasansa. Duk ana gani.

Batun wurin zama ya dogara da yadda aka tsara daren, don haka ka tsaya a bakin shiga ka duba kafin ka zauna. Idan an kewaye filin ne, babu kujerar da za ta ba ka fuskar kowa a kowane lokaci. Dole wani ya ba ka baya, kuma ba laifin ɗan wasa ba ne. Darakta mai sanin aiki yakan sa masu magana biyu su tsaya a karkace, ba kafaɗa da kafaɗa ba, ya riƙa motsa su, ya kuma ajiye mai dogon jawabi a bakin mashiga yadda bayansa zai fuskanci hanya maimakon mutane. Saboda haka kujerar da ke kallon wata mashiga daga ɗaya gefen ta fi wadda ke manne da ita, don a nan za ka sami fuskar mai jawabi. Sahun farko yana da ruɗi. Ƙurar rawa a kanka take sauka, fitilar da aka saita daga ɗaya gefen tana dukan idonka, kuma idan wasan na jawo 'yan kallo ne, kai za a fara kamawa. Sahu na biyu ko na uku ya fi. Ka nisanci inda makaɗa suka zauna: kalangu ko ganga a tazarar mita biyu za su cinye maka rabin maganar da ake yi. Kada kuma ka jingina da katanga a watan Maris ko Afrilu, domin laka tana shan zafin rana ta sake shi da dare. A lokacin hunturu wannan ɗumin alheri ne.

Rashin rufi shi ne farashin da ake biya. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma Agusta ne ya fi tsanani. Hadarin farkon damina da na ƙarshenta da yamma ko farkon dare yakan taso, daidai lokacin wasa, da iska a gaba. Iskar ce ma ta fi ruwan ɓarna, don ita ke kayar da allunan ado da sandunan fitila. Da zarar an fara yayyafi dole a kashe wuta saboda wayoyi, wasa ya tsaya ke nan. Mafi kyawun lokaci daga ƙarshen Oktoba ne zuwa Fabrairu. A Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauko ƙasa da digiri 15, kuma zaman awa biyu ba motsi yana sa shi shiga ƙashi, don haka a zo da rigar sanyi da hula, mata da mayafi mai kauri, yara da safa. Mai asma ya zo da takunkumi saboda hazo. Ƙurar hunturu tana busar da maƙogwaron 'yan wasa su ma, shi ya sa daren farko ko na biyu na wasa yakan fi na ƙarshe tsabtar murya. Da damina da bayanta kaɗan kuwa, sauro ne abokin zama, a shafa magani a ƙafa tun daga gida.

Ginin laka, a ko'ina yake, yana rayuwa ne da yaɓe. Ruwa yana cin gindin katanga da samanta, kuma idan shekara ta wuce ba a gyara ba, tsaga takan buɗe. Maginan gargajiya da makuba suke kare bango. Shafa siminti a kan laka dabara ce mai saurin ba da kunya, domin danshi yakan maƙale a ciki, simintin ya ɓamɓare da ƙasa a jikinsa. Wanda ya ga facin yaɓe a bangon laka kada ya ɗauka sakaci ne kai tsaye. Bangon da ba a taɓa ba shi ne abin tsoro.

Fitila tana da nata lissafin. Tunda sama a buɗe take, haske ba ya aiki sai duhu ya shiga, kuma rana a Zariya tana faɗuwa wajen 6:10 a Disamba, kusan 7:00 a Yuli. Ke nan wasan dare yana faɗawa ne tsakanin Magariba da bayan Isha, sai mutum ya tsara sallarsa da komawarsa tun kafin ya fito. Wasan da 'yan kallo suka kewaye ya fi cin fitila, domin kowane yanki na fili yana bukatar haske daga kusurwa uku ko huɗu, daga sama a karkace kamar digiri 45, in ba haka ba rabin mutane inuwa za su gani a madadin fuska. Tsofaffin fitilun dandali suna cin wat 500 zuwa 1,000 kowace ɗaya, goma kawai sun isa su durƙusar da ƙaramin janareto. Fitilun LED sun sauƙaƙa wannan ƙwarai. Abin da ba su magance ba shi ne ƙugin janareto idan an ajiye shi kusa da katanga, wanda yake shiga ƙarƙashin kowace magana. In ka ji shi tun daga waje, zauna a ɓangaren da ya fi nisa da shi.

Sai 'yan wasan kansu, kuma a nan ne ya kamata mai zuwa ya daidaita tsammaninsa. Wannan ba kamfanin ƙwararru ba ne mai jadawalin shekara. Ajin karatu ne na Sashen Wasan Kwaikwayo, kuma yawancin abin da ake nunawa aikin ɗalibai ne da ake ba su maki a kai. Abubuwa da dama suna biyo bayan haka. Wasanni sukan taru a ƙarshen zangon karatu, sannan a yi makonni shiru. Wasa yakan yi kwana kaɗan ne a sauke shi. Hutu ko yajin aiki yana rufe komai: a 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi wata takwas tana yaji, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Inganci kuma hawa da sauka yake yi. Aikin 'yan ajin ƙarshe da wanda malami ya ba da umarni da kansa sun fi nuna an sha gwaji. Na sababbin ɗalibai yakan zo da taron jama'a a fili, don kowa sai an ba shi abin yi, da ihu a inda ake bukatar natsuwa. Amma rawa da kiɗa da waƙar taro, waɗannan ko a wasa mai rauni sukan biya kuɗin mota, domin ɗaliban daga kowane sashe na Nijeriya suke, kowa da abin da ya taso da shi.

Abin da na fi ƙorafi a kai harshe ne da sanarwa. Da Turanci ake karatun, don haka yawancin wasannin da Turanci ne, da ɗan Turancin Buroka da Hausa a tsakani. Gini ne mai siffar gidan Bahaushe, amma dattijon Samaru ko na ƙauyen Bomo da bai yi boko ba, zai fi fahimtar bangon fiye da maganar. Labarin wasa kuma a cikin harabar yake yawo, ta fosta da bakin ɗalibai da zaurukan WhatsApp. Kuɗin shiga ba shi da yawa, amma sai ka san ana yi kafin ka biya.

Abin mamaki, wannan sashen ne ya yi suna a Afirka wajen fitar da wasa daga jami'a zuwa ga talakawa. A 1977 an yi Wasan Manoma a Soba, a zamanin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo, aka yi na Maska a 1979, sannan Bomo. Tsarin shi ne ɗalibai su shiga unguwa ko ƙauye, su saurari matsalolin mutane, taki ne ko ruwan sha ko tsafta, su gina wasa a kai, su nuna shi a fili da harshen mutanen, a tattauna bayan an gama. Aikin da ake kira Samaru Project a kan wannan turbar yake, kuma malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun daɗe a cikinta. Ga mai jin Hausa zalla, irin wannan wasan na fili ya fi masa riba fiye da daren Turanci a cikin katanga, kuma ba a karɓar ko sisi.

Idan aka kwatanta da Legas, bambancin a fili yake. Terra Kulture da ke Victoria Island yana da zaure mai kujeru kusan 400, da sanyin na'ura, da tikitin da ake saye ta intanet, da ranar da aka sa ba ta motsi. A Jos akwai Jos Repertory Theatre, ƙungiya mai zaman kanta da Patrick-Jude Oteh ya kafa a 1997. Samaru ba ta da wannan tsari. Abin da take da shi fili ne da aka gina daidai muryar ɗan Adam.

Zuwa ba wuya. Daga Kaduna tafiyar kimanin kilomita 80 ce, daga Kano kusan ninki biyu. A sauka Kwangila, a hau bas ko Keke Napep mai bin hanyar Sakkwato zuwa Samaru. A kula, harabar Kongo daban take, can ake karatun shari'a da mulki, ba can ba ne. A riƙe katin shaida saboda masu gadin ƙofa, da kuɗi a hannu ƙanana don tikiti, da ruwan sha, da tocila don fitowa. A isa da rabin awa kafin lokaci, tunda ba a rubuta lamba a kujera, wanda ya riga shi ya zaɓa. Wanda ya makara ya jira a bakin shiga har fitowa ta ƙare, domin hanyar da zai bi ita ce 'yan wasa ke bi. A kashe filashin waya, a fili mai kewaye idon ɗan wasa da na mutanen da ke fuskantarka yake duka. Yaro ɗan ƙasa da shekara shida da wuya ya jure zaman, kuma kukansa kowa zai ji, saboda katangar da ke ɗaga muryar ɗan wasa ba ta bambanta ta da tasa. Mai zuwa daga wani gari ya nemi masauki a Samaru ko Sabon Gari ya kwana, kada ya hau babbar hanya da dare, kuma kafin ya baro gida ya sa wani ɗalibi ko ma'aikacin jami'ar ya leƙa sashen ya tabbatar masa da rana da lokaci.