High Noon: zaman cocin nan ya tsaya min a rai

A shagon tura finafinai na karɓo shi. Na ce wa yaron ya sa min na kaboyi mai harbe-harbe da sukuwar dawaki. Da daddare na buɗe, sai ga baƙi da fari na 1952. Raina ya ɓaci. Aka yi ta tafiya ba a harba ko harsashi ɗaya ba, agogon bango kawai ake haskawa. Saura ƙiris in goge shi.

Will Kane, wato Gary Cooper, shi ne mai tsaron doka a garin Hadleyville. Ranar aka ɗaura masa aure, ya ajiye aiki, sai labari ya zo cewa an sako Frank Miller, wanda shi ya kama shi, kuma zai sauka daga jirgin ƙasan sha biyun rana. Mutanensa uku na jiransa a tasha.

Kane ya shiga coci neman masu taya shi. Maza suka fara miƙewa, sai aka ce a fitar da yara a tattauna tukuna. Wannan ya ce ai shi yana biyan haraji, wancan ya ce laifin 'yan siyasar da suka sako Miller ne. Sannan Henderson, abokinsa, ya tashi ya yabe shi har na ɗauka an gama, ashe so yake Kane ya bar garin kada harbi ya kori masu zuba jari. Kowa ya sunkuyar da kai. Kane ya yi godiya ya fita shi kaɗai. Wallahi sau biyu na maimaita wurin nan, zuciyata na tafasa. Mutumin da ya sa matanku suke fita ba tsoro!

Amma fa waƙar Tex Ritter da ake ta dawo da ita ta ishe ni, ga sautin kwafin da aka tura min ƙasa-ƙasa. Shi kansa faɗan da na jira sama da awa guda gajere ne. Kuma amaryar Kane, wato Grace Kelly, wadda addininta ya hana ta tashin hankali, saurin da ta yi ta sauko daga jirgi har ta harbe mutum ta baya bai gama shiga kaina ba.

Da Kane ya cire tauraron ƙirjinsa, alamar aikinsa, ya jefar a ƙasa a gaban mutanen garin, bai ce musu uffan ba, sai na huce. Ban goge shi ba, yana nan a wayata.